Inji Marar Ido Da Allon Jumanji: Fashin Baƙi Kan Sassaƙar Katako Da Kwamfuta

Duk wanda ya kalli fim ɗin Jumanji na 1995 yana iya manta sunayen yaran da ke cikinsa, amma da wuya ya manta akwatin wasan da labarin ya ginu a kansa. Katako ne mai duhu, sunan wasan a sassaƙe a tsakiyar murfi, mashi ya ratsa haruffan, a kusurwoyi huɗun kuma ga giwa, ga karkanda, ga biri, ga maharbi da hularsa. Idan aka buɗe, murfin kan rabu biyu kamar ƙyamaren taga, sai hanyoyi masu lauje-lauje su bayyana, duk sun nufi wani koren gilashi da ke tsakiya, inda rubutu ke tasowa kamar hayaƙi. A labarin, an binne akwatin a 1869, wani yaro ya tono shi a 1969, wasan ya haɗiye shi, bai fito ba sai bayan shekara 26, ya zama Robin Williams da gemu buzu-buzu. Tushen labarin littafin yara ne da Chris Van Allsburg ya wallafa a 1981, amma akwatin da mutane ke kwaɗayi na fim ɗin ne.

Kwaɗayin kuwa ba na wasa ba ne. A 2014 an yi gwanjon ɗaya daga cikin allunan da aka yi aiki da su a fim ɗin a shafin saye da sayarwa na eBay, ya tashi sama da dala dubu 60. Wanda ba shi da wannan kuɗin, kuma ransa na son ganin akwatin a kan teburinsa, sai dai ya yi nasa. A Amurka da Turai akwai jama'a guda da wannan ne abin shagalarsu: su ga takobi ko hula ko akwati a fim, su ƙwallafa rai sai sun ƙera irinsa sak. Tun da ƙananan injinan sassaƙa da kwamfuta ke sarrafawa suka yi arha, waɗanda ake kira CNC, allon Jumanji ya shiga sahun ayyukan da mai sabon inji ke gwada ƙwanjinsa da su.

Mai kallo daga nesa, da ya ga hoton aikin an gama, abin da zai ce bai wuce "ai inji ne ya yi" ba. Akwai gaskiya a maganar, amma 'yar kaɗan ce. Abin da ake nema akwati ne da zai yi kama da wanda hannun masassaƙi ya yi, ya kwana cikin ƙasa shekara ɗari. Abin da ake nemansa da shi kuwa inji ne da bai iya komai ba sai daidai wa daida. Wahalar aikin gaba ɗaya tana tsakanin waɗannan biyun.

Injin da kansa

A sauƙaƙe, injin CNC na gida rauta ce, irin wadda kafintoci ke fitar da ado a gefen ƙofa da ita, aka ɗaure ta a jikin wata gada mai tafiya. Tana zuwa hagu da dama, tana zuwa gaba da baya, tana hawa tana sauka. Waɗannan hanyoyi uku su ake wa laƙabi da X da Y da Z. Kowace hanya da ƙaramin injin juyi da ke tura ta, irin wanda ba ya juyawa sumul sai taki-taki. Yawancinsu taki 200 ne ke cika zagaye ɗaya. Kwamfuta na ƙirga takin, ta haka take sanin inda bakin yanka yake. A riƙe wannan maganar ta ƙirga, za mu dawo kanta, domin a nan ɓarna take kwana.

Dabarar tsohuwa ce. A 1952 Cibiyar Fasaha ta Massachusetts, wato MIT, ta nuna injin yankan ƙarfe da ke karɓar umarni daga zaren takarda mai huji-huji, aikin da rundunar sojin saman Amurka ta ɗauki nauyi saboda sassan jirage. Shekaru da yawa abin ya zauna a manyan masana'antu. Abin da ya sauko da shi garejin mutane abubuwa ne ƙanana: wata manhaja ta kyauta mai suna GRBL da ta fito a 2009, wadda ke aiki a kan ɗan allon lantarki mai arha da ake kira Arduino, injin Shapeoko da aka tara kuɗin ƙera shi ta shafin tara kuɗi na Kickstarter a 2011, injin X-Carve a 2015, sai kuma ƙananan injinan China da ake kira 3018, don filin aikinsu santimita 30 ne da 18. Wannan na ƙarshe shi ne mafi arha, kuma shi ne ya fi sa mutane cizon yatsa idan suka tunkari allon Jumanji, domin murfin ya fi ƙarfin teburinsa. Ana iya yanka aikin kashi-kashi, a gama ɓangare a matsar da katakon a ci gaba, amma duk inda aka haɗa sai ya bar tabo idan an kuskure ko da kaurin gashi ne.

Harshen da injin ke ji ana ce masa G-code, kuma babu wani sihiri a cikinsa. Layi kamar G1 X50 Y20 Z-2 F1200 yana cewa ne: ka miƙe zuwa wuri kaza, ka nutse milimita biyu, da saurin milimita 1,200 a minti. Sassaƙar kan giwa ɗaya tana iya cin dubban ɗaruruwan irin wannan layin. Ba mutum ke rubuta su ba, manhaja ce ke fitar da su daga zanen da aka ba ta. Injin bai san giwa ba, bai san katako ba, bai ma san ko akwai katako a ƙarƙashinsa ba. In ka ba shi umarni ya ratsa ta cikin ƙarfen da ka danne aikin da shi, zai ratsa, ya karya bakinsa, ya ci gaba da tafiya a iska kamar ba abin da ya faru.

Zane, inda makonni ke tafiya

Matsala ta farko ita ce akwatin asali ba ya hannunka. Abin da kake da shi hotuna ne da aka tsayar daga fim, da hotunan gwanjo. Daga cikinsu za ka fitar da tsawo da faɗi da kauri. Masu wannan aiki sukan nemi wani abu a hoton da suka san girmansa, hannun mutum ko ƙwayar jefawa irin ta ludo, su auna sauran da shi. Amma kyamara maƙaryaciya ce: abin da ke kusa da ita ya fi girma, kuma akwatin da aka ɗauka a karkace gefensa na nesa kan tsuke. Dole a miƙar da hoton a manhaja kafin a bi layukansa. Ga kuma wani abin da ke rikita lissafi: masu shirya fim ba kasafai suke ƙera abu guda ɗaya ba. Akwai wanda ake kawo kyamara dab da shi, an ƙawata shi sosai, akwai waɗanda ake jifa da su ko a tsoma a ruwa, galibi zubi ne na roba ko resin, wato ruwan roba mai daskarewa ya yi tauri, da aka yi wa fenti. Don haka hotuna biyu na fim ɗaya suna iya saɓa wa juna, kuma kowanne gaskiya ne. Sai mai aiki ya zaɓi wanda zai bi.

Haruffa da hanyoyin cikin allo ba su da wahala sosai, layuka ne ake bi a manhaja kamar Inkscape. Dabbobin murfi ne ke ba da ciwon kai, domin sassaƙa ce mai tudu da kwari. Wanda bai taɓa yi ba yakan ɗauka zai loda hoto, manhaja ta mayar da shi tudu da kwari da kanta. Akwai manhajojin da ke yin haka, dokarsu kuma ɗaya ce: fari shi ne sama, baƙi shi ne ƙasa. To amma a hoto, fari haske ne, baƙi inuwa. Inuwar da ke ƙarƙashin kunnen giwa sai ta zama rami, ƙyallin da fitila ta bari a gefen hauren ya zama tsauni. Abin da zai fito ba giwa ba ce, kwazazzabo ne. Saboda haka masu son aiki mai kyau sai su gina dabbar da hannu a manhaja kamar Blender ko Aspire na kamfanin Vectric, suna turawa suna janyowa kamar mai ginin tukunya.

Kuma ba cikakkiyar giwa ake ginawa ba. Dubi kan mutum a jikin tsohon kwabo: zurfinsa bai kai kaurin farce biyu ba, amma ido na ganin goshi da hanci da kunci kowanne a matsayinsa. Haka ake matse kan giwa cikin zurfin milimita biyar ko shida. Abin da ke gaba a ba shi kaso mai yawa na zurfin, abin da ke baya a danne shi, gefuna kuma a tsayar da su sosai don su kama inuwa. A ganina wannan shi ne ainihin sassaƙar, kuma ana gama ta kafin a kunna inji. Wasu sukan sayi fayil ɗin da wani ya riga ya gina, ko su sauke na kyauta. Ba laifi, amma su sani idon wani suka aro, har da kurakuransa.

Katako yana da nasa ra'ayin

Itacen da ke da laushi, irin wanda ake rufin kwano da shi, yana da daɗin yanka amma yakan tashi da gashi-gashi, ƙananan layuka su narke. Mai manyan jijiyoyi kuma yakan ɓantare a daidai idon biri ko tsinin mashi. Masu sassaƙa a Amurka sun fi son itatuwa masu matsattsen jiki, irin ceri da mapul da walnat. Mahogani ma ana so, saboda launinsa ya yi kusa da na akwatin fim ɗin, kuma abin da ake sayarwa can da sunan mahoganin Afirka dangin maɗacinmu ne. Sai dai jijiyarsa takan sarƙe, wani layi ya kwanta nan, na kusa da shi ya kwanta can, don haka baki mai dakushewa sai ya yage shi maimakon ya yanka. MDF, wato garin katakon da aka matse da gam, yana sassaƙuwa lumui kuma ga arha, shi ya sa ake gwaji da shi. Amma ba shi da jijiya ko ɗaya, kuma akwatin da ba jijiya a jikinsa ba zai ruɗi kowa ba.

Sai maganar ruwa. Kowa ya san ƙofar da ke cijewa da damina ta saki da hunturu. Katako yana shan danshin iska yana fitarwa, kuma a faɗinsa yake kumbura da tsukewa, tsawonsa kusan ba ya motsi. Wanda aka busar don kayan ɗaki a Amurka yakan riƙe ruwa kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari na nauyinsa. Ƙiyasin da kafintoci ke amfani da shi shi ne, idan danshin ya motsa da maki huɗu, faɗin zai motsa da kusan kashi ɗaya cikin ɗari. A ganyen murfi mai faɗin santimita 25, wannan milimita biyu da rabi ke nan, kuma ya isa ya hana ganye biyu haɗuwa a tsakiyar sunan wasan, inda kowane ido zai fara sauka. Ban da haka, idan aka kwashe nama mai yawa daga fuska ɗaya aka bar ɗayar, katakon yakan lanƙwashe kamar akushi. Maganinsa haƙuri ne: a ajiye katakon a ɗakin da za a yi aiki na makonni, a haɗa faɗin da siraran falankai maimakon guda ɗaya, a yi yankan farko a bar shi ya kwana ya yi motsinsa, sannan a sake daidaita fuskar. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sassabe da ƙarasawa

Ba a sassaƙa da baki ɗaya. Zagayen farko sassabe ne: baki mai shafaffen ƙasa, kaurin kusan milimita shida, yana kwashe nama hawa-hawa, yana barin kamar rabin milimita a kan siffar. In ya gama, giwar kan yi kama da tudu mai matattakala. Zagaye na biyu ana sa baki mai kan ƙwallo, ya riƙa kai da komo layi bayan layi kamar garmar shanu, yana hawa yana sauka bisa tudun zanen. Haruffa kuma da baki mai tsini kamar bakin mashi ake fitar da su, mai kusurwa 60 ko 90. Yana nutsewa inda harafi ke da faɗi, yana tasowa inda ya tsuke, shi ya sa yake iya fitar da kusurwa mai kaifi irin ta wuƙa.

Tunda kan bakin zagayayye ne, tsakanin kowane layi biyu yana barin ɗan kunya, kamar dai kunyar gona. Tsayin kunyar ya danganta da tazarar layukan, kuma lissafin yana da ban sha'awa. Da baki mai kaurin milimita uku, idan tazarar milimita ɗaya ce, kunyar za ta kai kusan milimita 0.09, ido na gani, yatsa na ji. Idan aka rage tazarar zuwa 0.3, kunyar ta faɗo ƙasa da 0.01, kusan ta ɓace. An rage tazara sau uku da ɗoriya, kunya ta ragu fiye da sau goma. Shi ya sa aka saba sa tazarar ta zama kashi 8 zuwa 10 cikin ɗari na kaurin baki.

Farashin wannan santsi lokaci ne. Ɗauki fili mai santimita 30 da 40. Tazarar 0.3 na nufin layi 1,000, kowanne santimita 40, jimla mita 400. Da saurin milimita 1,500 a minti, awa huɗu da rabi ke nan a takarda. A zahiri ya fi haka, domin injin yana rage gudu a kowane hawa da gangara. In kuma kana son gashin biri da ƙwayar idon maharbi su fito, sai ka sauko zuwa baki mai tsinin milimita ɗaya da tazarar 0.1: layi 3,000, mita 1,200, sama da awa 13. Mai wayo ba ya bin duk filin da ƙaramin baki, yakan keɓe shi ga fuskokin dabbobin kawai.

Gudun tafiya da gudun juyi kuwa gaba kura ne baya sayaki. Ƙaramar rautar Makita da ake yawan ɗaurawa a waɗannan injina tana juyi 10,000 zuwa 30,000 a minti. Abin da ake dubawa shi ne kaurin ɓawon da kowane haƙori ke ɗiba a kowane juyi: a raba saurin tafiya da yawan juyi da yawan haƙora. Tafiyar 1,500, juyi 18,000, haƙora biyu, ya ba da kusan milimita 0.04. In ɓawon ya yi kauri, baki ya lanƙwashe ko ya karye. Sabon shiga sai tsoro ya sa ya rage tafiya ƙwarai, yana ganin lallaɓawa yake yi, alhali ya faɗa ɗaya ramin: bakin ya daina yanka ya koma guga, zafi ya taru, katako ya ƙone, kaifi ya tafi. Ɓawon da ke fita shi ke tafiya da zafin. Idan abin da ke fitowa gari ne kamar na tuwo, ba ɓawo ba, akwai gyara. Kunne ma yana faɗa. Wanda ya daɗe da inji yana gane kukan daɗi da kukan wahala daga ɗaki na gaba.

Ba na son in wuce ƙura ban ce komai ba. Hukumar binciken cutar daji ta duniya, IARC, ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar daji, musamman ta kogon hanci. Injin da zai yi awa goma yana niƙa katako a rufaffen ɗaki yana buƙatar abin zuƙar ƙura, mai shi kuma takunkumi na gaske da abin toshe kunne. Kuma ba a kunna shi a tafi kasuwa. Baki mai zafi a cikin tarin busasshen gari wuta ce ke jiran dalili.

Sifili

Yanzu mu koma kan ƙirga. Kafin a fara, ana nuna wa injin wuri ɗaya a ce nan ne sifili, daga nan za ka auna komai. Sifilin sama da ƙasa ana samunsa da ɗan farantin ƙarfe mai waya, ko ta tsohuwar dabara: a sa takarda a ƙarƙashin baki, a riƙa saukowa har ta fara cijewa. Duk lokacin da aka canza baki sai an sake wannan, domin tsawonsu ba ɗaya ba ne. Kuskuren kashi biyu cikin goma na milimita ya isa ya bar layi a goshin giwa, inda aikin wani baki ya ƙare na wani ya fara.

Yawancin injinan gida ba su da hanyar tabbatar da cewa takin da aka umarta an yi shi. Kwamfuta ta ce a yi taki dubu, ta ɗauka an yi. In baki ya ci karo da ƙulli a katako, ko bel ya yi sako-sako, ko gari ya cushe hanya, injin ya rasa taki goma, babu mai gaya mata. Daga nan duk abin da ya biyo baya zai gusa gefe, kuma za a ci gaba da sassaƙa shi da cikakkiyar natsuwa. Sai ka dawo ka tarar da karkanda mai ƙaho biyu a inda aka zana ɗaya. Haka in wuta ta ɗauke a awa ta tara, lissafin ya tafi da ita. Wanda duk zai yi wannan aiki a inda wutar lantarki ba ta da alƙawari, wannan ce babbar barazanarsa, ta fi tsadar katako. Rigakafin shi ne ƙananan makunnai a ƙarshen kowace hanya, waɗanda injin ke komawa ya taɓa don ya san gida, sannan a rubuta nisan sifili daga gidan a takarda. Da wannan ana iya dawowa a ci gaba daga kusa da layin da aka tsaya. In babu, sai dai a lallaɓa da ido, ko a yi wa katakon ta'aziyya.

Abin da injin ba zai iya ba

Baki daga sama kawai yake saukowa, don haka ba ya shiga ƙarƙashin komai. Masassaƙi na iya sa wuƙa ya rarake bayan kunnen giwa har kunnen ya tashi daga jikin katako, inuwa ta shige ƙarƙashinsa. Inji mai hanya uku ba shi da wannan. Haka kuma duk kusurwar cikin rami mai miƙaƙƙen bango da ya yanka sai ta fito zagayayya, tunda bakin da kansa zagayayye ne. Ramukan hinji da ɗakunan ajiye 'ya'yan wasa sai an bi su da kurfi.

'Ya'yan wasan huɗu, giwa da karkanda da kada da biri, cikakkun siffofi ne masu gaba da baya. Ana iya sassaƙa gefe ɗaya, a juya katakon a kan turakun da aka kafa don kada ya gusa, a sassaƙa ɗayan. Da yawa ba sa wahalar da kansu, sukan buga su da na'urar ɗab'i mai fitar da siffa ko su zuba resin, su yi fenti. Gilashin tsakiya ma zubi ne ko saye. Masu zurfafawa sukan ɓoye ƙaramin allon waya a ƙarƙashinsa don rubutu ya riƙa tasowa, su kuma binne maganaɗisu don 'ya'yan su riƙa mannewa a gurbinsu kamar yadda suke yi a fim. Ramin maganaɗisun daga baya ake haƙa shi, a bar fatar katako ta milimita ɗaya ko biyu, domin ƙarfin jansa yana raguwa da sauri in nisa ya ƙaru. Kuskuren sifili a nan yana nufin huda fuskar da aka kwana biyu ana sassaƙawa.

Wata magana a gefe: suna da zanen akwatin suna da masu su. Yin guda ɗaya don ɗakinka daban, buɗe shago kana sayarwa daban, kuma kamfanonin fim na Amurka ba su da sanyin hannu a kan na biyun.

Ɓata aiki da gangan

A ce komai ya tafi daidai. Abin da zai sauko daga kan inji abu ne mai tsabta, kowane layi daidai da ɗan'uwansa, hagu da dama kamar an tsaga kara. Kuma da ka kalle shi za ka ji wani abu bai zauna ba. Ya yi kama da kyautar da kamfani ke raba wa ma'aikata. Ido ya saba da aikin hannu ko da mai idon bai taɓa riƙe gizago ba. Ya san turmi da muciya da allon karatu, ya san yadda sawun ƙarfe ke canza zurfi inda hannu ya gaji ko jijiya ta juya.

Don haka sai a ɗauko wuƙa da kurfi a bi bayan injin. A rarake ƙarƙashin kunnuwa da haure. A goge kunyoyin da suka rage da buroshi da samfefa mai laushi, a hankali, don samfefa ba ta san bambancin kunya da ƙwayar ido ba. A bar sawun kurfi a shimfiɗar da ke bayan dabbobin, ba a jere ba. A dakusar da kusurwoyin akwatin, musamman inda hannu zai riƙa kamawa in za a buɗe. Wasu har sukan buga masa sarƙa ko tarin makullai, amma wannan in ya yi yawa yakan tona kansa, domin tsufa na gaske ba ya rarraba rauni daidai a ko'ina. Yana taruwa a gindi da gefuna.

Launi ma hawa-hawa ne. Akwai tsohuwar dabara ta jiƙa soson ƙarfe a ruwan binega na 'yan kwanaki. Ruwan in ya taɓa itace mai sinadarin tanin, irin wanda ke cikin bagaruwar da majema ke jima da ita, sai ya mayar da shi toka-toka zuwa baƙi, daga cikin jikinsa, ba a sama kamar fenti ba. Bayan an rufe da siririn shafi, sai a cika sassaƙar da launi mai duhu a goge nan take, duhun ya zauna a kwari, tudu ya fito da haske. Haka datti ke zama a tsohon abu: yana maƙalewa inda tsumma ba ya kaiwa, inda hannu ke shafa kuma yana ƙyalli. Banish mai sheƙi kamar na teburin ofis yana kashe duk wannan wahalar cikin minti biyar. Kakin zuma ko mai da aka murza da tsumma ya fi dacewa.

Sai hinji, abu na ƙarshe da ake ɗaurawa, kuma inda gajiya ke sa mutum ya miƙa hannu ya ɗauki duk sukurun da ke kusa. Sabuwar tagulla tana ƙyalli, sai an dusashe ta da gishiri da binega. Sukurun da ke cika shaguna yau kuma mai tsaga gicciye ne, wanda makanikai ke kira sita, kuma wannan sai a shekarun 1930 ya shigo, da sunan Henry Phillips. Akwatin da labari ya ce an binne a 1869, sukurun da zai riƙe hinjinsa mai tsaga ɗaya ne.